Fuskokin da ke Bayan Gilashi

Orest Dmytruk ya yi shekara goma sha tara yana cin abinci da tafiya da baya. Kowa a duniya yana fuskantar inda za shi, shi kuwa aikinsa ya fuskanci abin da ke zuwa: maza uku a guje bisa ƙanƙara, kowa da sandarsa, baƙin faifan roba yana rawa a gabansu, shi yana zamewa da baya zuwa ragar gidansu, idonsa a ƙirjin na tsakiya. Yakan ce faifai maƙaryaci ne, sanda ma haka, amma ƙirji ba ya zuwa inda mai shi ba zai je ba.

A gonar alkama aka haife shi, can Saskatchewan ta ƙasar Kanada, auta cikin maza huɗu. Da sanyi ya kama, tafkin bayan gida ya daskare, sai yayyensa uku suka raba gaba a tsakaninsu, suka ce auta ya tsaya baya ya hana. Ya hana wa? Su ukun. Uwarsu takan cusa masa tsofaffin mujallu cikin safa don ƙwaurinsa, ta tura shi waje. Yana da shekara shida ya gane cewa idan ya kwanta a gaban faifai zai ji zafi na minti ɗaya, idan kuwa ya kauce yayyensa za su yi masa dariya har bazara. Ya zaɓi minti ɗayan, kuma bai sake shawara ba.

Yana da sha takwas ya bar gona ya shiga wasan hoki na sana'a. Ya zaga ƙananan ƙungiyoyi, ya san kujerar kowace doguwar mota. Sau ɗaya aka kira shi babbar gasa, ya buga wasa huɗu aka dawo da shi, kuma idan aka tambaye shi yadda can take, sai ya ce tawul ɗinsu da laushi. Daga baya ya sauka a garinmu na masu haƙar ma'adini, ya auri Lesia, ya zauna. Mutane suka sa masa suna Rumbu, don faɗinsa da kuma yadda ba ya gusawa. A duk shekarun nan sau goma sha ɗaya ya jefa faifai a raga, ɗaya ma a ɗuwawunsa ya bugu ya shiga. Waɗanda ya hana shiga kuwa babu mai rubuta su, sai dai jikinsa: ƙwauri, haƙarƙari, haƙora shida, da wuya wanda tun wani karo da ya yi a ƙuruciya ba ya juyawa sai rabi.

Gaetan Belzile ya zo daga Quebec, yankin masu Faransanci, yana da shekara ashirin da biyu, siriri, mai sauri, bakinsa ba ya hutawa. Koci Halvorson ya haɗa su su tsare baya tare, Orest a hagu, Gaetan a dama. Ranar farko Orest ya ja shi kusurwar fili, inda katangar katako take lanƙwasa, gilashi a samanta.

"Kai, Rediyo, an ce kana da baki."

"An faɗi gaskiya, Tsoho."

"To ga inda zai yi amfani. Idan suka wurgo faifai nan, ɗayanmu zai zo ɗauka. Fuskarsa ga katanga, bayansa ga duniya. Wani ƙato yana tahowa ya niƙa shi da katako, shi kuwa ba ya gani. Wa ke gani?"

"Ɗayan."

"Ashe da kai a saman bakin. Kalma uku ce. Ka ce lokaci, na san babu kowa, in ɗauka a natse. Ka ce bango, in buga shi ta jikin katanga ya fita. Ka ce bayanka, in kauce. Wanda ya shiga kusurwa, wuyansa yana bakin abokinsa. Idan ka yi mini Faransanci a nan, matata za ta nemo ka."

Shekara tara suka yi a haka. Gaetan ya yi aure, ya haihu, gashinsa ya fara ja da baya, amma bai daina mamakin mutumin da ke hagunsa ba. Ya ga matasa masu gudu kamar iska sun taho wa Orest, sun yi masa rawar kafaɗa, sun yi ta sanda, shi kuwa yana zamewa da baya a hankali kamar mai rakiyar baƙo zuwa ƙofa, har su farga sun ƙare a jikin katanga babu faifai, ba su san lokacin da aka karɓe ba.

A watan Nuwamba na shekara ta tara, wani ya ɗaga sanda daga nesa ya narka wa faifai duka. Orest ya zube a gabansa kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon faifan ya tashi sama ya same shi a gefen kai, ƙasan hular kwano, daidai kunnen hagu. Mutum dubu uku suka yi tsit. Aka fitar da shi, jini ya zana layi a kan farar ƙanƙara tun daga raga har ƙofa. Bayan mako uku ya dawo, likita ya duba shi a ɗakinsa mai shiru, ya tambaye shi sunansa da ranar mako, ya amsa, aka ce ya warke.

Ya kuwa dawo kamar bai tafi ba. Har cewa ake yi dukan ya ƙara masa hankali.

Kuskure ne ya fara tona maganar, kuma na Gaetan ne. Wata Asabar Orest ya shiga kusurwa, Gaetan ya duba bai ga kowa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Lokaci!" Ashe wani ya ɓullo ta bayan raga inda gola ya kare masa gani. Gaetan ya hango shi bayan kalmar ta riga ta fita. Amma Orest ya sulale gefe kamar an ja shi da igiya, ƙaton ya rungumi katanga shi kaɗai, gilashi ya yi ta kaɗawa.

A benci Gaetan ya dafa shi. "Ka yafe ni, Tsoho. Na kusa kashe ka."

Orest ya juyo da dukan jikinsa ya kalli bakinsa. "Me?"

"Kiran da na yi. Ƙarya na faɗa maka."

"Babu komai, ai kullum kiranka daidai ne," in ji Orest, ya kurɓi ruwa.

Maganar ta yi ta damun Gaetan har wasa na gaba. A ranar, da Orest ya shiga kusurwa babu kowa kusa, Gaetan ya buɗe baki ya ce, "Miyar wake!" Orest ya ɗauki faifai a natse ya fito. Karo na biyu ya ce, "Surukata!" Orest ya buga ta jikin katanga, kuma abin da ya dace ke nan. Wani daga cikin abokan karawarsu ya wuce yana cewa, "Bafaranshen nan ya taɓu." Karo na uku da gaske mutum yana tahowa, Gaetan ya ja numfashi zai yi kiran gaskiya, amma kafin kalmar ta bar leɓensa Orest ya riga ya kauce.

Da aka tashi, Orest ya buga masa safar hannu a ka. "Yau bakinka ya yi aiki, Rediyo. Kowace kalma a kan lokaci."

Ranar Litinin babu atisaye. Gaetan ya je gidansu da hantsi, ya tarar da Orest a gareji ya sunkuya kan injin kwashe dusar ƙanƙara. Ya tsaya a bayansa ta hagu ya ce, "Orest, gidanka ya kama da wuta." Orest ya ci gaba da murɗa ƙusa.

"Ka zagaya ta dama," in ji Lesia daga bakin ƙofa, hannunta duk garin fulawa. "Kuma ka bari ya ga bakinka. Idan kun gama ku shigo, na dafa firogi."

Orest ya ɗago ya ga matarsa, ya ga abokinsa, ya ajiye sifana. Bai yi musu ba. Ya ce kunnen hagu ya mutu tun ranar da faifan ya same shi. Na dama yana ɗan kamawa idan wuri shiru ne kuma mutum ɗaya ke magana. A fili kuwa, da jama'a da kiɗa da ƙarar katako, abin da yake ji bai wuce rurin injin girbi ba, tun daga farko har ƙarshe.

"To wa ke gaya maka?" in ji Gaetan. "Wuyanka ba ya juyawa. Gilashin nan duk tabon faifai ne, ba a ganin inuwar kowa a ciki. Wa ke gaya maka?"

"Madam Lindgren."

"Tsohuwar malamar makaranta?"

"Kujera ta uku a kusurwar hagu, shekara goma sha ɗaya ba ta fashi. Idan babu kowa a bayana, hannunta yana kan cinya. Idan mutum ya taso, sai ta kai gyale baki. Idan ya kusa, ta rufe ido. Gefenta Pruden mai aski, shi kuma idonsa yana bin mai zuwa, daga nan nake sanin ta wane ɓangare. A ɗaya kusurwar akwai 'yan tagwayen gidan burodi, su kan nasu suke janyewa baya kamar su za a buga."

Gaetan ya zauna a kan tsohuwar taya. "A garin wasu fa? Can babu mai tausayinka."

"Can ya fi sauƙi." Orest ya yi murmushin da ya nuna giɓinsa. "A gida ina neman tsoro, a waje ina neman murna. Idan na ga fuskoki sun washe, baki ya fara buɗewa, na san nawa ya zo. Mutum ba ya iya ɓoye daɗin da zai ji idan za a niƙa baƙo."

Sai ya daina murmushin. "Saura wata huɗu kakar nan ta ƙare, Gaetan. Ina so in fita da ƙafata, ba da takardar likita ba. Idan Halvorson ya ji, yau ɗin nan zai karɓi rigata. Kai kaɗai ka sani, sai waccan mai garin fulawar."

Gaetan ya san abin da ya kamata ya yi. Ya san mutum biyu da aka buga a kusurwa ba su shirya ba, ɗaya yana tafiya da sanda, ɗaya a keke ake tura shi. Amma ya ci firogin Lesia, curin fulawa mai dankali a ciki, da kirim mai tsami, ya koma gida, bai gaya wa kowa ba.

Kusan wata uku ya yi yana kallon abin da babu wanda ya san ana yi. Ya ci gaba da kiransa don kada a gane, amma yanzu idonsa yana tsallake abokinsa ya sauka bayan gilashi. Sai ya ga gyale ya tashi zuwa baki, a daidai wannan ƙiftawar kafaɗar Orest ta sauka. Ya ga idon mai aski ya karkata dama, Orest ya murɗa hagu. Tsohuwa tana zaune da jakarta a cinya, ta ɗauka kallo ta zo, ba ta san ita ke riƙe da wuyan mutum ba. A garuruwan wasu ya ga masu ihu suna dukan gilashi suna zagin Rumbu, suna ceton sa da haƙoransu. Wani lokaci Gaetan yakan manta da wasan gaba ɗaya, tsikar jikinsa ta tashi a cikin rigar sulke, kamar wanda ya shiga coci ya tarar ana waƙa.

Sai ga wata Lahadi a Fabrairu. Tun daren Asabar dusar ƙanƙara take zuba, iska tana tara ta a bakin ƙofofi, aka rufe hanyoyi. Baƙin sun riga sun iso tun jiya, alƙalan wasa suna gari, don haka aka ce za a buga da ƙarfe biyu na rana kamar yadda aka tsara. Da suka fito ɗumama jiki, Gaetan ya ɗaga kai. Mutanen da suka iya zuwa ba su kai ɗari biyu ba, duk sun cure a tsakiya kusa da mai sayar da kofi. Kusurwa huɗu, kujeru jajaye a jere, babu ko hula.

Ya zamo kusa da Orest ta dama, ya sa bakinsa inda zai gani. "Kusurwa babu kowa."

"Na gani."

"Suna da Maddock." Maddock ƙato ne mai jan gemu wanda ba a ajiye shi don komai ba sai don shiga kusurwa a bayan mutane. "Ka ce wa koci cikinka ya ɓaci."

"Shekara sha tara ban taɓa ƙarya don in zauna ba."

"Amma ka yi don ka tsaya."

Orest ya zame ya yi gaba, ko dai bai ji ba, ko ya ga dama kada ya ji.

Da aka jefa faifai, baƙin suka wurgo shi kusurwar hagu, ɓangaren Orest. Orest ya juya zai bi, sai ya ga riga mai lamba huɗu ta gifta ta gabansa. Gaetan ne, ya baro damarsa ya ratso gaban raga. Ya isa faifan, amma hanyar ta yi tsawo, ya isa a makare. Orest ya tsaya a gaban raga, karo na farko shi ne mai gani a ɓangarensa, ya kwarara kira da irin muryar wanda ba ya jin kansa: "Bayanka!" Muryar ta daki rufin fili ta dawo. Gaetan ya ji sarai, sai dai babu sauran wurin kaucewa. Maddock ya haɗa shi da katako.

Ya tashi. Suka sake wurgowa, ya sake zuwa. Dama tasa ce, hagu ma ya mai da ita tasa. Baƙin ba wawaye ba ne, suka gane akwai mutum ɗaya da ke zuwa ko'ina a makare, suka yi ta aika masa. Halvorson yana ihu daga benci, "Belzile, ka koma gidanka!" A benci Orest ya kama masa riga ya ce, "Ka bar mini kusurwata." Gaetan ya juyar da fuska don kada a ga bakinsa, ya ce abin da ya ce.

Wasan zubi uku ne. Kafin na biyu ya ƙare an buga Gaetan da katanga sau goma sha uku. A bugu na goma sha ukun Maddock ya taso tun daga tsakiyar fili. Orest ya yi kira har jijiyar wuyansa ta fito, ya ga abokinsa ya ji, ya ga ya yi ƙoƙarin juyawa, ya ga ƙafafun sun ƙi. Bai ji ƙarar ba. Ya dai ga gilashi ya lanƙwasa, ya ga Gaetan ya sulale ƙasa a hankali, ya yi rarrafe, ya dafa sanda ya miƙe, yana tofar da ja a kan fari.

A ɗakin sauya kaya Gaetan ya zauna a karkace, hannu a haƙarƙari. Halvorson ya tsaya a kansa, fuska ja wur.

"Wa ya ce ka buga ɓangare biyu? Kai ne koci yanzu? Ko aikin Rumbu kake nema tun yana raye? Ka buɗe bakin nan da ba ya rufuwa ka ba ni amsa!"

Gaetan ya kalli ƙasa. Wannan ne karo na farko da ɗakin ya ga Rediyo a kashe.

Orest yana daga can gefe yana kallon leɓen koci. Sai ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa. Ya zare na hagu ya ajiye, ya zare na dama, ya jera su, ƙarafunan zamiya da ke ƙasansu suna ɗigar ruwa. Babu mai cire takalmi saura zubi ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya 'yan wasa suka daina abin da suke yi.

"Koci, ka ƙyale yaron," in ji Orest, da ƙarfi fiye da yadda ɗakin yake buƙata. "Kusurwata yake shiga don ni ba na ji. Kurma ne ni."

Halvorson ya juyo. "Tun yaushe?"

"Tun faifan Nuwamba."

Koci ya shiga lissafi, leɓensa yana motsi. "Wasa talatin da takwas ke nan. Ina tsaye a bencin nan, ban ga an same ka a kusurwa ko sau ɗaya ba." Ya duba Gaetan. "Ta yaya?"

"Fuskokin 'yan kallo yake karantawa," in ji Gaetan, kowace kalma tana ja masa haƙarƙari. "Ta cikin gilashi. Yau babu kowa a wurin."

Halvorson ya shekara talatin a harkar nan, ana cewa ko a jana'izar uwarsa da hula ya tsaya. Ya kai hannu ya cire ta, ya riƙe a ƙirji. Sannan ya ce, a hankali, yana fuskantar Orest sosai, "Ka san ba zan iya mayar da kai ba."

"Shi ya sa na cire da kaina."

Gola ne ya fara. Ya ɗauki faffaɗar sandarsa ya buga gindinta a ƙasa, ya sake bugawa. Na kusa da shi ya ɗauki tasa. Haka 'yan hoki suke gaisuwa idan magana ta gaza, don mai safar hannu ba ya tafi. Sanda ashirin suka haɗu a kan bugu ɗaya, har kofunan ruwa suna tsalle a kan benci. Gaetan ma ya laluba tasa da hannu ɗaya.

Orest yana zaune da safa kawai, tafin ƙafarsa a kan daɓen katako. Gaetan ya ga ya dubi ƙasa, ya ga yatsunsa sun motsa, ya gane bugun yana hawa masa ta ƙafa. Rumbu ya daɗe a haka, kansa a sunkuye, hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya ɗago, ya share hanci da bayan hannu.

"Kai, ku bari haka," ya ce. "Za ku kurmantar da ni."